Darasi: Wa Zai Biya Manomi Fansho?

'Yan'uwa, ma'aikacin gwamnati yana da fansho. Manomi fa, ranar da hannunsa ya kasa riƙe fartanya?

Tun da aikin raya noma na Funtua ya fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, masara ta cika gonakinmu har Malumfashi. Amma masara sai da taki, ga shi da damina aljihu a bushe yake. Wanda ya sayar da hatsinsa duka da kaka yana araha, shi zai sake saye da tsada a Agusta, ko ya ci bashi.

Saboda haka ran da kuɗin auduga ko masara ya shigo, ka zauna da uwargida kafin ka taka kasuwa. Ku fitar da zakka, da kuɗin makaranta, da na taki. Sa'an nan ku ware na tsufa, ko ƙanƙane ne. 'Ya'ya za su taimaka, amma su ma da nasu nauyin.

Kada ku binne kuɗin nan a tukunya. Waɗanda suka makara a canjin kuɗi na 1984 sun ga takardunsu sun zama banza. Ku sayi tunkiya, ku dasa mangwaro.

Taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya zo da lissafin buhunan da gidansa ke ci a shekara.