ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: DARASI DAGA MASU ZANE NA ZARIYA

Gabatarwa

A yawancin gidajenmu akwai kalanda rataye a bango mai hoton Ubangijinmu Yesu Almasihu. Idan muka duba da kyau za mu ga farin mutum ne mai dogon gashi mai santsi, wani lokaci har da shuɗin ido. Tun muna yara muke ganin wannan hoto, har muka ɗauka haka kamanninsa suke. Alhali kuwa Linjila ba ta bayyana mana kamannin fuskarsa ba. Abin da muka sani shi ne Bayahude ne, an haife shi a Baitalami, ya yi girma a Nazarat. Masu zane na Turai ne suka ba shi kamannin mutanensu, domin mutanensu su ji cewa nasu ne. To, idan mutumin Italiya ya yi haka ba a ga laifinsa ba, mai zane ɗan Nijeriya fa?

Mu 'yan ajin zane-zane mun saba jin maganganu iri biyu. A gida a ce mana zane aikin wanda lissafi ya gagara ne. A coci kuma wasu su ce sassaƙa hanyar tsafi ce. Saboda waɗannan maganganu ɗalibai masu baiwa sukan ajiye fensirinsu tun daga aji uku. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba tarihin wasu mutanen ƙasarmu da suka sha irin wannan tambaya kafin mu.

Matasan Zariya

A shekarar 1958, sauran shekara biyu a sami 'yancin kai, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, kuma suna koyar da zane kamar yadda ake yi a Landan: yadda ake auna gaɓoɓin jikin mutum, da yadda abu na nesa yake ƙanƙancewa, da yadda ake haɗa launi. Ɗaliban ba su raina wannan ilimi ba. Damuwarsu ita ce babu gurbin fasahar iyayensu a cikin darasin ko kaɗan.

Sai suka yanke shawara kowa ya koma ya binciki gadon gidansu, ya haɗa shi da abin da ya koya a aji. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, ko da yake tawayen nasu na fensir da buroshi ne. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya nazarci uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan kamar yadda matanmu suke ƙunshi. Yusuf Grillo ya shahara da shuɗin launi mai kama da na rini, ya kuma yi wa coci-coci na Legas tagogin gilashi masu hotuna. Demas Nwoko ya koma ga gini, shi ne ya tsara ɗakin sujada na limaman Dominikan da ke Ibadan.

Fada da masassaƙa

Tun kafin ƙungiyar Zariya, an yi wani gwaji a cikin ikkilisiya kanta. A 1947 limaman Katolika suka buɗe wurin aikin hannu a Oye-Ekiti, a ƙasar Yarabawa, ɗaya daga cikin masu kula da shi kuwa shi ne Fada Kevin Carroll, mutumin mishan. Ya tara masassaƙa da masaƙa da masu aikin dutsen ado, ya ba su labaran Littafi Mai Tsarki, ya ce su yi su da irin salon da suka gada. Sai ga shehunan gabas masu kawo wa jariri Yesu kyauta sun fito da shigar sarakunan Yarabawa. A nan ne Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne, ya ƙware a hannun maigidansa George Bandele, har ya sassaƙa ƙofofin coci, daga baya ya koyar a Jami'ar Ife.

Kada mu ɗauka kowa ya yi murna. Wasu limamai da wasu masu bi 'yan ƙasa sun ce waɗannan siffofi sun yi kama da gumakan da suka baro. A 1954 aka rufe wurin. Amma Fada Carroll bai daina ba masu fasaha aiki ba.

Hanyar Gicciye a Ebute Metta

An haifi Bruce Onobrakpeya a 1932 a Agbarha-Otor, cikin Jihar Delta ta yanzu. Bayan ya gama karatu a Zariya ya yi shekaru da yawa yana koyar da zane a Kwalejin St Gregory ta Legas, makarantar sakandare ta mishan irin tamu. Yana can ne Fada Carroll ya nemi ya zana wa cocin St Paul da ke Ebute Metta matakai 14 na Hanyar Gicciye, tun daga hukuncin Bilatus har zuwa kabari. Onobrakpeya ya kawo labarin gida. Matan Urushalima masu kuka suka fito da zani da ɗankwali, sojojin Roma kuwa ya sa musu kaki irin na zamanin mulkin mallaka. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan kaki a garinsu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da Ubangiji ya sha.

A 1969 ya sake fitar da waɗannan hotuna ta hanyar bugu. Ga yadda ake yinsa. Mai zane zai sami leda mai kauri irin ta shimfiɗa a ɗaki, ya zana hoton a kanta, ya sa wuƙa ya ƙwaƙule duk inda yake so ya fito fari. Sa'an nan ya shafa tawada a kan abin da ya rage, ya ɗora takarda ya danna. Hoton yakan fito a juye, kamar na hatimin ofishin shugaban makaranta, don haka dole a yi tunanin dama da hagu tun farko. Amfanin bugu shi ne leda ɗaya tana ba da hotuna masu yawa, mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya saye.

Akwai kuma wani abin koyi a rayuwarsa. A 1967 ruwan asid ya cinye masa wani farantin ƙarfe da yake shiryawa don bugu. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite. Da ya buga, hoton ya fito da tudu da kwari masu ban sha'awa. Daga wannan ɓarna ya sami sabuwar dabara wadda ta sa sunansa ya kai ƙasashen waje. A 2023 da 2024 an baje kolin ayyukansa na addini a manyan gidajen adana kayan fasaha na Atlanta da Washinton a Amurka.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

Tsoron bautar gumaka ba abin wasa ba ne, gama Fitowa sura 20 ta hana mu yin siffa domin mu yi mata sujada. Amma mu ci gaba da karatu. A sura 31 Allah da kansa ya zaɓi Bezalel, ya cika shi da hikimar aikin zinariya da dutse da itace, domin Alfarwa ta Sujada. A sura 32 kuma Haruna ya ƙera ɗan maraƙin zinariya, jama'a suka yi zunubi. Zinariya ɗaya ce, gwanintar hannu ma ɗaya ce. Bambancin yana ga wanda aka yi wa aikin, da abin da zuciya ta nufa da shi. Mun san ikkilisiyoyinmu sun sha bamban a kan sa hotuna a ɗakin sujada, kuma ya kamata mu girmama ra'ayin juna. Amma babu ikkilisiyar da take koyar da a binne baiwa a ƙasa.

Kammalawa

Mu ma a nan Arewa ba mu rasa gado ba. Kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2000, a kudancin Kaduna aka fara tono su. Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya, ita ce hotonta yake bayan takardar naira 20. Ga dagi a bangon gidajen Zariya da Kano, ga aska takwas a wuyan riga, ga zanen ƙwarya, ga saƙar tabarma da faifai. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mu koyi duk abin da malamai za su koya mana daga ko'ina, amma mu zo da namu mu haɗa. Muna kuma roƙon iyayenmu, idan suka ga yaro yana zane a bayan littafinsa, su tambaye shi abin da yake zanawa kafin su tsawata masa.

Aikin hutu

1. Karanta Fitowa sura 31 da 32. Mene ne bambancin aikin Bezalel da na Haruna?
2. Tambayi wani tsoho ko tsohuwa a garinku sunan zane guda uku na gargajiya, ka kwafo su a littafinka.
3. Raba dankali biyu, ko ka sami tsohon silifas, ka ƙwaƙule ɗaya daga cikin zanen a kai, ka shafa tawada ka buga a takarda.
4. Da Basamariye mai kirki a kan hanyar kasuwar garinku ya tsinci mutumin nan, wace riga za ka sa masa, me kuma zai hau? Zana shi ka kawo mana farkon zango mai zuwa.