Takardar Sallamar Kakanka

 Labari ya iso ni cewa ka ɗauki niyyar bin sawun takardar sallamar marigayi kakanka daga aikin soja, domin gurbin da ya kamata a rubuta lambobin yabonsa an bar shi fari fat, alhali kuwa dattawan Ajingi sun san mutumin nan ya je Boma ya dawo. Niyya ce mai kyau, kuma ba zan sage maka gwiwa ba. Sai dai na ji ka tashi da zafi, kana cewa an cuce shi, gobe-goben nan za ka hau mota sai Abuja, saboda haka na ce bari in zaunar da kai tukuna, domin wanda ya shiga wannan lamari da fushi yakan ƙarar da guzurinsa a hanya ya dawo da takardarsa yadda ya tafi da ita.

Ka fara sanin abin da mutanen nan suka shiga. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, a 1939, Turawa suka bi ta hannun hakimai da dagatai suna neman samari. Wasu da ƙafarsu suka tafi saboda albashi da kaki, wasu kuwa ba a tambayi ra'ayinsu ba. Rukunin farko Gabashin Afirka aka kai su, inda birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941 ta zarce Habasha tana korar sojojin Italiya. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can sai dazukan Boma. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta Arakan, aka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Nijeriya da aka sauke a bayan sahun abokan gaba tare da mayaƙan da ake kira Chindit. Shi ya sa za ka ga barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Dodan da Arakan a Legas, kuma har gobe sojan Nijeriya na riƙe da Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu. Sunayen garuruwan Boma sun samu allo a ƙofar bariki, amma yawancin waɗanda suka taka garuruwan da ƙafarsu ko ƴaƴan unguwarsu ba su san sunan bataliyarsu ba, kuma wannan abin kunya ne a gare mu gaba ɗaya.

To me ya sa gurbin ya zauna babu rubutu? Ba lalle sai da mugunta ba. Yawancin mutanenmu a 1946 aka sallame su, alhali ko a Ingila sai wajejen 1948 aka shiga rabon lambobin yaƙin gadan-gadan, kuma a can ma sai tsohon soja ya cike kati ya nema. A lokacin kakanka ya riga ya koma gonarsa ta gero da gyaɗa, ba shi da akwatin gidan waya, babu kuma wanda ya karanta masa sanarwa. Ban ce an yi musu adalci ba, domin sojan Afirka bai taɓa samun albashi ko kuɗin sallama daidai da na Bature ba. Amma in ka shiga ofis kana zargin magatakardan da aka haifa shekara hamsin bayan yaƙin, ka rufe ƙofar da ka zo buɗewa.

Babbar matsalar da za ka tarar ita ce suna, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. A wancan zamani babu takardar haihuwa. Kurtu ya tsaya gaban malamin rajista, a ce masa suna, ya faɗa, a ce daga ina, ya ambaci garin da ya san za a gane, shi ke nan sunan garin ya zama sunan ubansa. Mutumin Toranke ko Balare ko Gafasa sai ya tashi a littafi a matsayin wane Gaya, ko ma wane Kano. Malamin kuma yadda kunnensa ya ji haka hannunsa zai rubuta: Abdu ya koma Audu ko Awudu, Garba ya koma Garuba, Muhammadu ya koma Mamman ko Momo. Wani ma da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba, domin gudowa ya yi ba da sanin iyayensa ba. Saboda haka in ka je kana cigiyar kakanka da sunan da aka raɗa masa ranar suna, za a iya fito maka da mutum ashirin, ko a ce babu shi sam. Abin da ba ya rikiɗa shi ne lambar aikinsa ta soja. Ita za ka fara nema a jikin takardar, ka kwafe ta harafi da harafi, tare da bataliyarsa, da muƙaminsa, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da ranar ɗauka da ranar sallama. Duk wasiƙar da za ka rubuta, wannan lamba ce za ta hau samanta.

Takardar kanta kuwa ka riƙe ta da mutunci, domin babu ta biyu. Ka ɗauke ta hoto da waya shafi-shafi da rana tsaka, ka yi kwafi da yawa, asalin kuma ya zauna a gida cikin akwatin ƙarfe inda gara da damshin damina ba za su kai ba. Kada ka bari a manne ta da ledar nan ta zafi, domin in an manne ba ta ɓantaruwa sai da rubutun. Kuma ina roƙonka don Allah, ɗana, kada biro ya taɓa ta. Na san shaiɗan zai raya maka cewa ai gaskiya ce, me zai hana ka cike gurbin da hannunka. Ranar da ka yi haka ka mayar da takardar gaskiya ta jabu, kuma duk ma'aikacin da ya ga sabuwar tawada a tsohuwar takarda ba zai ƙara yarda da ko layi ɗaya na cikinta ba.

Ke ma ƴar'uwata mai karanta wannan, maganar ta shafe ki, domin a gidajenmu irin waɗannan takardu a ƙasan adakar mata suke kwana, kuma labarin da tsohon soja bai faɗa a zaure ba sau da yawa matarsa ta ji shi da dare. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki zauna da gwaggo da inna ki kunna waya, ki tambaye su a hankali: wace shekara ya tafi, damina nawa ya yi, da wa da wa suka tafi daga garin nan, wane gari yake yawan ambata, a ina aka yi masa raunin nan na ƙafa. Kada ki gyara musu zance, kada ki sa musu magana a baki. In tsohuwa ta ce ya ce sun sauka a Bambai, ki rubuta haka, domin wannan kalma guda tana iya zama abin da zai dace da littafin bataliya.

Bayan haka sai ka san abin da ya cancanta, ba abin da zuciyarka ke so ba, domin kowace lambar yabo da sharaɗinta. Tauraron Boma na wanda ya shiga fagen daga a Boma ne tsakanin 11 ga Disamban 1941 da 2 ga Satumban 1945. Tauraron Afirka na waɗanda suka yi yaƙi ne a wurare irin su Habasha da Somaliya da Arewacin Afirka, wanda ya ƙare aikinsa a nan Afirka ta Yamma ba ya ciki. Tauraron 1939 zuwa 1945 yana buƙatar wata shida a fagen daga, lambar yaƙi ta gama-gari kuwa kwana 28 cikin kaki ya isa. In kuma ka gano kakanka ɗan dako ne a runduna, yana ɗaukar harsashi da abinci a ka, kada ka ji kunya ko ka ɓoye. A dazukan da mota ba ta shiga, kawunan waɗannan mutane ne suka ciyar da Runduna ta 81, kuma su ma sojoji ne masu lamba. Lambar jarumta daban take, ana buga sunan mai ita a jaridar gwamnatin Ingila ta London Gazette, wadda kowa zai iya bincikawa a intanet. Irin ta ce Samanja Chari Maigumeri ya samu, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. In sunan kakanka bai fito a can ba, ka bar wannan magana.

Tafiyar kuma daga gida take farawa. Ka gaida dagaci, ya haɗa ka da hakimi, a ba ka takardar shaidar cewa wannan suna na littafin soja da wancan na gida mutum ɗaya ne, kai kuma jininsa ne. Ka haɗa da rantsuwar kotu. Sannan ka nufi ofishin ƴan mazan jiya a Kano, ka shiga da sallama da ladabi, domin tsofaffin can sun san ƙofofin da kai ba ka sani ba. Ofishin da ke ajiye bayanan sojojin ƙasa yana Lakwaja, hukumar fanshon soja tana Dutsen Alhaji a Abuja, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka kada ka kai kukan minda, wato lambar yabo, wurin masu biyan fansho. Tsofaffin fayilolin lardin Kano suna gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Ofishin lambobin yabo na ma'aikatar tsaron Ingila kuwa yana Innsworth, yana karɓar buƙata daga tsohon soja ko magajinsa, amma shaidar aiki yake bi, ba ya bin labari. Ka rubuta wasiƙa gajera, shafi ɗaya, ka ce ga lamba, ga bataliya, ga abin da ya ɓace, ga hujja. Duk inda ka miƙa ka roƙi a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In wata uku ya wuce shiru, ka sake rubutawa ka ambaci ta farko, ba tare da zagi ba.

A ƙofar irin waɗannan ofisoshi ba a rasa mai cewa ya san oga, kawo kuɗin shan ruwa a gama maka cikin mako guda. Ka gaishe shi ka wuce. Wani kuma zai nuna maka minda ta sayarwa, domin lambobin da Ingila ta raba wa sojojinta a yaƙi na biyu ba a buga sunan kowa a jikinsu ba, saboda haka suna yawo a hannun ƴan koli har yau. Za ka iya saye ka rataya a falo, amma me ka gyara? Ba ƙarfen muke nema ba, so muke littafin hukuma ya faɗi abin da mutumin ya yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in ka ƙara masa yaƙin da bai je ba aka gano, shi za a ƙaryata a kabarinsa ba kai ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya fi damuna. Mutanen Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma na yaƙin basasa suna nan da ransu a ƙauyukanmu. Tsakanin Yulin 1967 da Janairun 1970 sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 ya kai wajen 250,000, an ɗebi mutane cikin gaggawa, an ba su horo na ƴan makonni, wasu aka tura su rundunar Muhammadu Shuwa, wasu ta Murtala Muhammed, wasu ta Adekunle. Inda aka yi ɗauka irin wannan dole rubutu ya samu tangarɗa. Saurayin da ya tafi yana ɗan ashirin yau yana bakin tamanin. Shi yana iya faɗin lambarsa da bakinsa, ya sa hannu, ya nuna abokin da suka kwana rami ɗaya, kuma gyaran da za a yi masa yau cikin watanni, bayan ransa sai jikoki sun yi shekaru suna neman takardar gado. Haka na Kwango, waɗanda barikin Bukavu na Kano ke tuna mana da su, da na Laberiya da Saliyo, da ƙannenka da ke Barno yanzu. Duk mai ɗan'uwa a soja ya gaya masa ya karanta takardarsa tun ranar da aka miƙa masa ita.

Ba zan yi maka alkawarin za ka dace ba, kuma ka sani minda ba ta zuwa da ko kwabo. Amma gyara bayan shekaru yana faruwa. A Afrilun 2021 sakataren tsaron Ingila ya nemi afuwa a gaban majalisarsu, bayan bincike ya nuna aƙalla mutum 116,000, galibinsu ƴan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a hidimar Yaƙin Duniya na Farko ba a rubuta sunayensu a wurin tunawa ba. A Nuwamban 2023 kuma Sarki Charles ya miƙa wa wasu tsofaffin sojojin Kenya sababbin lambobi a maƙabartar Kariokor ta Nairobi, a madadin waɗanda suka rasa. Duk wannan ya samu ne domin wasu sun zauna sun tono takardu sun yi ta naci cikin natsuwa.

Saboda haka ka ajiye maganar Abuja tukuna. Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci ka je gidan gwaggonka da waya da littafin rubutu, ranar Asabar kuma ka zagaya ka gaida tsofaffin sojojin da suka rage a gundumarku, ka roƙi kowannensu ya nuna maka takardarsa. Allah ya jiƙan kakanka, ya yi maka jagora.