Fumfunar da ke Ƙone Ganyen Masara

Da damina, idan ɗumi ya haɗu da laima, akan ga dogayen tabo masu launin ƙasa-ƙasa a tsakanin jijiyoyin ganyen masara. Idan suka yawaita sai su haɗe, ganyen ya bushe kamar an babbake shi. Ɗaya daga cikin masu haddasa wannan cuta wata fumfuna ce da masana ke kira Bipolaris maydis.

Matsayinta a Rabe-raben Halittu

Fumfuna ba tsiro ba ce, domin ba ta da koren sinadarin haɗa abinci daga hasken rana. A jikin wasu take ci. Wannan tana cikin rukunin Ascomycota, dangin Pleosporaceae. A da ana kiranta Helminthosporium maydis, sai a 1959 masani Shoemaker ya mayar da ita jinsin Bipolaris, wato mai kai biyu, saboda ƙwayar irinta takan tsiro ta kai da gindi. Matakinta na barbara kuma an san shi da Cochliobolus heterostrophus, har taron masana na Melbon a 2011 ya yanke cewa kowace fumfuna suna ɗaya za ta riƙe.

Rayuwarta

Takan yi rani a cikin karan masara da busasshen ganye. Ruwa na sauka, iska da fantsamar ruwa su kai ƙwayoyinta kan sabon ganye, su tsiro, su huda shi da siraran zare. Cikin kwana uku kacal sabon tabo na iya fitar da nasa ƙwayoyin.

Darasin 1970

Fumfunar tana da ire-ire, kamar O da T. Irin T yana fitar da dafin da ke lalata mitokondiriya, wato ɓangaren da ke samar da ƙarfi a ƙwayar halitta, amma ga masara mai wani gado na musamman. A 1970, kusan kashi 85 cikin ɗari na masarar aure a Amurka wannan gadon take ɗauke da shi, don yana sauƙaƙa wa masu samar da iri aiki. Cutar ta taso daga kudancin ƙasar ta bazu arewa, aka yi hasarar kimanin kashi 15 cikin ɗari na amfanin shekarar.

Saboda haka, gonakin da duk irinsu asali ɗaya ne, rauninsu ma ɗaya ne. Rigakafin shi ne bambanta iri, da shuka mai jure cutar, da binne ragowar kara, da sauya masara da wake ko gyaɗa.