Yadda Ake Kafa Kanta Marar Ƙafa a Bangon Bulo

'Yan'uwa manoma na Kaugama, ambaliyar 2022 ta nuna wa ƙasar Haɗejiya cewa irin shukar da aka ajiye a ƙasa yana cikin hatsari. Ko ruwa bai shigo ba, danshi da gara ba za su bar shi ba. Kanta a bangon siton ƙungiya ita ce magani, amma ƙusa kaɗai ba ta riƙe nauyi a bulo. Ga yadda za ku yi:

1. Ku ja layi miƙaƙƙe, ƙafa biyar daga ƙasa.

2. A kan layin, ku huda rami mai zurfin inci biyar bayan kowace ƙafa biyu. In kun faɗa kogon bulo, ku cika shi da kankare.

3. Ku share ƙura, ku jiƙa ramin, domin busasshen bulo yakan shanye ruwan siminti.

4. Ku kwaɓa siminti awo ɗaya da yashi awo uku, ku dasa rodi mai kaurin rabin inci, tsawon ƙafa ɗaya, bakinsa ya ɗan ɗaga sama.

5. Ku riƙa yayyafa ruwa har kwana bakwai.

6. Kafinta ya huda gefen katako mai kaurin inci biyu, a zura rodin ciki.

Bangon ƙasa ba ya riƙe rodi. Can sai kanta mai ƙafa. Kada kuma ku haɗa iri da maganin ƙwari a kanta ɗaya.