Darasin Kasuwanci: Kuɗin Wasannin Intanet, Kutse Da Haɗarin Cinikin Bayan Fage

Duk ɗan canjin da ke Mubi ya san dalilin da ya sa yake karɓar sefa ba tare da fargaba ba daga hannun falken da ya tsallako daga Kamaru ta hanyar Sahuda. Takardar tana da mai ita, wato babban bankin BEAC da ke Yawunde, kuma tun shekarar 1999 aka ɗaure ta da kuɗin Turai a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Ko a watan Janairun 1994 da aka karya darajarta da rabi, shugabanni ne suka zauna a Dakar suka yanke shawara, aka sanar wa duniya. Darasinmu na wannan karo ya shafi wani kuɗi ne dabam, wanda ya fara shiga hannun masu canji da masu POS ta hannun matasa, wato kuɗin da ake tarawa a cikin wasannin intanet.

Kamfanin da ya ƙirƙiro wasa shi ke buga waɗannan sulalla, shi ke ƙara yawansu in ya ga dama, shi ne kuma ke da ikon soke su. Mai wasa yana samun su ne in ya ci gasa ko ya saya daga kamfanin, sa'an nan ya kashe su wajen sayen 'yan ƙwallo, makamai ko tufafi na cikin wasan. Akasarin kamfanonin sun haramta sayar da su da tsabar kuɗi a cikin sharuɗɗan da mutum ke amincewa da su ran da ya buɗe asusu, ko da yake ba kowa ke karantawa ba. Amma da yake akwai mai lokaci marar kuɗi, akwai kuma mai kuɗi marar lokaci, sai kasuwar bayan fage ta kafu a tsakaninsu. Ƙasar Sin ta ga yadda abin ya bunƙasa, har a shekarar 2009 ta hana a sayi kayan zahiri da irin wannan kuɗi.

Tambayar da ta kamata ɗan kasuwa ya yi ita ce: daga ina hajar ta fito, har ake sayar da ita ƙasa da farashin kamfani? Wani sashe gumin masu wasa ne, kamar mutanen Benezuwela da suka riƙa ciyar da iyali da zinariyar wasan RuneScape sa'ad da kuɗin ƙasarsu ya lalace. Wani sashe kuwa na kutse ne. A shekarar 2016 wata kotun tarayya a Jihar Teksas ta Amurka ta sami wani matashi da laifin zamba, bayan da shi da abokansa suka tsara manhajar da ke yaudarar na'urorin kamfanin EA, tana nuna an buga dubban wasannin ƙwallo na FIFA cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sulallan da suka tara ta wannan hanya sun sayar wa dillalai a Turai da Sin a kan fiye da dala miliyan 16.

Hanyar da ta fi shafar mai canji ita ce ta wanke kuɗin sata. Ɓarawo ya sami lambar katin bankin wani, ya sayi kuɗin wasa daga kamfani a cikakken farashi, tun da ba aljihunsa ke ciwo ba, ya karyar da su ga dillali da rahusa mai yawa. Dillalin ya sayar wa mai wasa. In mai katin ya farga ya kai ƙara, banki ya karɓo kuɗinsa daga kamfanin, kamfanin kuma ya bi sawun sulallan ya rufe asusun da ya same su a ciki. Ɓarawo ya riga ya tsere da tsaba, asara ta faɗa kan na ƙarshe. A watan Oktoban 2019 kamfanin Valve ya dakatar da cinikin wasu makullai na wasansa Counter-Strike, yana mai cewa kusan duk waɗanda ake saya don a sake sayarwa daga zamba suka fito. A karar Mubi ba a cinikin sa sai da dillalin da ya san mai shi, wanda za a iya riƙewa in ta bayyana na sata ne. A wannan kasuwa kuwa babu wanda za a riƙe.

Akwai kuma wasannin da ke biyan mai wasa da kuɗin kirifto, waɗanda dokar wasan ba ta hana sayar da su ba. Su ma ba su tsira ba. Ranar 23 ga Maris, 2022, masu kutse suka mallaki makullai 5 daga cikin 9 da ke tabbatar da fitar kuɗi a taskar wasan Axie Infinity na kamfanin Sky Mavis da ke Biyetnam, suka kwashe dukiyar da ta haura dala miliyan 600. Sai bayan kwana 6 aka gane. Hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa.

A nan gida, abin da jama'a za su fi tunawa shi ne guguwar “mainin” ta shekarar 2024, lokacin da manya da yara a garuruwan Arewa suka duƙufa ga dangwala fuskar waya a wasan Hamster Kombat na dandalin Telegram. Masu wasan sun ce mutum miliyan 300 suka shiga. Da aka zo rabo a watan Satumba na shekarar, miliyan 131 ne suka cancanta, aka kori asusu miliyan 2.3 bisa zargin maguɗi, da yawa kuma 'yan daloli kaɗan suka tashi da su bayan aikin watanni. Wanda ya sayi asusun wani don ya ninka rabonsa, in asusun ya faɗa cikin korarru, ba shi da wurin kai kuka. Tun a watan Yulin shekarar kamfanin tsaro na ESET ya yi kashedi game da manhajojin jabu masu ɗauke da sunan wasan, waɗanda ke leƙa saƙonnin waya. Mai karatu ya tuna cewa ta saƙon waya banki ke aiko da lambar tabbatar da cire kuɗi, kuma sau da yawa wayar da yaron shago ke wasa da ita ita ce wayar asusun shagon.

Dangane da doka, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto a watan Fabrairun 2021, ya janye hanin a watan Disambar 2023. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar SEC, wadda ke ba masu dandalin ciniki lasisi. Wannan sassauci bai halatta kutse ba: dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya shiga na'urar wani ba da izini ba don zamba.

A ganinmu, abin da ya fi saurin karya ɗan kasuwa ma ba ɗauri ba ne, kulle asusu ne. A watan Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba hukumar EFCC izinin kulle asusun banki 1,146 a binciken canjin kuɗi ba bisa ƙa'ida ba da halatta kuɗin haram. Mai POS da ya bari aka turo kuɗin cinikin sulalla ta asusunsa, ya miƙa tsaba ya cire la'adarsa, sunansa ne bincike zai fara tararwa, jarinsa kuma na iya kwana a kulle har a gama. Saboda haka in ciniki irin wannan ya zo, a duba ko sunan da ke kan asusun da ya turo kuɗin shi ne na mutumin da ke tsaye a gaban teburi, a rubuta lambar wayarsa da ranar cinikin a littafi, a kuma ware wayar asusun shago daga wayar wasa.