Kafin Ka Sayi 'Yar Kwamfutar Raspberry Pi

Malamin makaranta a Gummi ko mai shagon caji a Anka da ke neman kwamfuta mai arha, ya duba Raspberry Pi. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Daga Ingila ta fito a 2012, kuma manhajar da ke tafiyar da ita, wato Linux, kyauta ce.

Abin da zai fi ba ka ciwon kai shi ne wuta. Samfuri na 4 yana buƙatar bolt 5 da amfiya 3, cajar waya ta bakin kasuwa ba za ta riƙe shi ba. Manhajar kuwa a kan katin memori take, idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki katin na iya lalacewa. To, haɗa kwamfutar da batirin sola, ka ajiye kwafin manhajar a kati na biyu. Zafin Afrilu ma yana rage mata gudu, sa mata 'yar fanka.

Duk wanda ya ga katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 zai gane amfanin manhajar Kiwix, mai ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Ka sauke Wikipedia ta Hausa sau ɗaya a Gusau, ka sa ta a Raspberry Pi tare da Kiwix, ɗaliban Bukkuyum su riƙa karantawa a wayoyinsu ba tare da data ba.