Sanƙarau na tarin fuka: me hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa?

Sanƙarau da muka saba gani lokacin zafi kan kayar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Na tarin fuka kuwa lallaɓowa yake yi. Sai a shafe mako biyu ko uku ana fama da zazzaɓi, ciwon kai da amai, ana ta shan maganin maleriya da na taifot, kafin mara lafiya ya fara ruɗewa ko idonsa ɗaya ya karkace. Ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ɗauke da HIV.

Ƙwayar cutar kan tara wani kauri mai yauƙi a gindin ƙwaƙwalwa, daga nan ɓarna ke tashi. Kaurin yana toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan ya taru ya danne ta. Yana kuma shaƙe ƙananan jijiyoyin jini, wani sashe ya mutu, ɓarin jiki ya shanye. Wani lokaci har ƙulli kan fito a cikin ƙwaƙwalwar. Gwajin ruwan da ake ɗiba daga ƙashin baya shi ke neman ƙwayar. Hoto shi ke nuna inda ɓarnar ta kai.

Hoton CT yana nuna taruwar ruwa cikin 'yan mintuna. A ganina babban amfaninsa ke nan, domin ruwa matsala ce da ake iya warwarewa da gaggawa, da magani ko da tiyatar sa siririn bututu. MRI ya fi shi gani, musamman sabuwar mutuwar sashe da ƙananan ƙulli, sai dai ya fi tsada, yaro kuma sau da yawa sai an sa shi barci. Idan ƙafafu sun rasa ƙarfi ko fitsari ya riƙe, a nemi MRI na laka. Kada a raina hoton ƙirji: kusan rabin masu cutar ana ganin alamar tarin a huhunsu.

Hoto mai kyau a farkon ciwo bai wanke mutum ba. Idan likita ya yi zargi mai ƙarfi, a fara magani nan take, ko da kuɗin hoton bai haɗu ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Yawanci wata 12 ake sha, da maganin rage kumburi, deksametason, a makonnin farko.

Akwai abin da ke firgita iyalai: a yi wata biyu ana magani, sabon hoto ya nuna ƙulli ya ƙara girma. Sau da yawa garkuwar jiki ce ta farfaɗo take faɗa da ƙwayar. Kada ku dakatar da magani da kanku. Ku koma wurin likita da tsohon hoton da sabon, don sai an jera su ake gane inda ciwon ya dosa.